Nama Ko Wake?

Jama'a, ran Asabar na tsaya wajen mahauta a kasuwar Sabon Gari, na ga wani magidanci ya taya nama, ya ji kuɗin, ya juya yana sunkuyar da kai kamar wanda ya yi laifi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A Indiya mutane da yawa ba su cin nama sabo da addininsu. A Ingila kuwa waɗansu sun bar shi don tausayin dabba. Mu nan ba mai ƙin tsire ko kilishi, aljihu ne kurum ke hana mu.

To, ku sani abin nan mai gina jiki da a ke nema a nama yana cikin wake, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayarsa. Waken suya ma ya fi, watau wanda a ke yin awarar da yara ke rububi a Samaru. Ga ƙosai, ga alala, ga ƙuliƙuli. A 2019 kuma masu binciken aikin gona na Samaru suka fitar da iri mai suna SAMPEA 20-T, wanda ke jure wa tsutsar da ke huda kwanson wake.

Abin da ke ba ni haushi, manomi ya kwashe wakensa kaf ya sayar da kaka, ya bar iyali da tuwo da miyar kuka tsura. Haba Malam, ajiye ko buhu ɗaya mana! Amma fa wake ba shi da sinadarin B12 mai taimakon jini, don haka kada a hana yara da masu ciki ƙwai da nono.