Raddi ga masu cewa kunya ta hana uba furta ƙauna ga ɗansa

A majalisun dattawa na Kakuri da Makera a Kaduna, har gobe ana samun mai cewa uba ya buɗi baki ya ce wa ɗansa yana ƙaunarsa ɗabi'ar 'yan fim ce. Hujjojin ba sabbi ba ne, kuma kowacce tana da amsa.

Babbar madogararsu ita ce kunya. Gaskiya ne Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗan fari. Baba ta Karo ma ta bayyana haka a littafin da Mary Smith ta fitar a 1954. Sai dai sun tsallake rabin labarin. A gidan gandu, yaron da uwa ke kawar wa kai yana hannun kaka, tana ce masa mijinta, goggo tana yi masa kirari. Kunya rabon aiki ce: uwa ta yi shiru ne saboda akwai masu faɗa a madadinta. To, ma'aikatan da masaƙu suka jawo kudancin Kaduna tun buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957 sun bar kakanni a ƙauye, sun kama ɗakin haya. Rikicin da aka yi a Kaduna a shekarar 2000 kuma ya ƙara warwatsa dangi, wasu suka koma tsallaken kogi. A ciki da falo, idan uwa ta yi kunya, uba ya yi kawaici, wa ya rage?

Sai su ce ai cefane da kuɗin makaranta sun isa shaida. Kakuri ce wuri na ƙarshe da ya kamata a kawo wannan zance. Da aka rufe KTL a 2002, magidantan da ba su da wani harshen ƙauna sai albashi sun wayi gari ba su da abin cewa, alhali zuciyar tana nan yadda take.

Batun cewa furta ƙauna baƙuwar al'ada ce kuwa ya fi kowanne rauni. Buhari ya ruwaito cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci Hasan, ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka nuna masa ƙarancin tausayi ne. Abu Dawuda ya ruwaito umarnin sanar da ɗan'uwa cewa ana ƙaunarsa. Ɗan'uwa ke nan fa, balle ɗan cikinka. Kiristocin Narayi da Sabon Tasha su ma sun san muryar da ta furta ƙauna ga Yesu ranar baftismarsa.

Saura tsoron shagwaɓa. Luƙmanu ya yi wa ɗansa nasiha mai nauyi, kan shirka da salla da girman kai, amma da kira mai taushi ya buɗe ta. Kuma yawancin dattawan nan, in an bincika, suna da wani Abba ko wata Ummi a gida, da suke kira da sunan girmamawa don sun ci sunan iyayensu.