Tsimin da Ake Yi a Bakin Kafireta

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya furta cewa tallafin man fetur ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haye naira dubu. An yi rubuce-rubuce da yawa kan abin da wannan ya jawo wa kuɗin mota da farashin hatsi, amma ba a cika waiwayar abin da ya jawo wa injunan kansu ba. A ƙasar Yawuri, daga Shanga zuwa Yelwa har Wara ta Ngaski, abincin dubban gidaje ya rataya ne a kan ƙananan injuna uku: na babur, da na ban ruwa, da na jirgin kwale-kwale. Buƙatar da masu su ke yawan kai wa bakanike a yanzu ita ce a shaƙe kafireta don injin ya rage shan mai. A ganina yawancin wannan tsimi asara ce da aka jinkirta, a kan ruwa kuma yana iya zama wasa da rai.

Bari mu fara da aikin kafireta, domin da yawa daga masu murɗa ta ba a taɓa yi musu bayaninsa ba. Fetur ba ya ci sai da iska, kuma da gwargwado: kimanin awo 14.7 na iska ga awo ɗaya na fetur, idan da nauyi aka auna. Ma'ana, lita guda ta fetur tana neman iskar da ta kai lita 9,000 kafin ta ƙone sarai. Kafireta ce ke haɗa su. A cikinta akwai maƙogwaro mai matsattsen tsakiya. Idan fistin ya zuƙo iska ta bi ta wannan matsatsi sai gudunta ya ƙaru, matsinta ya ragu, sai ta tsotso fetur daga ɗan kwanon da ke ƙasa ta wata ƙaramar huda da makanikai ke kira jet. Ba lantarki, ba kwamfuta. Shi ya sa ta daɗe a hannun talaka, alhali motocin Amurka sun rabu da ita tun wajen 1990.

To, ina sukurun da ake murɗawa ya shigo? Wannan sukuru ikonsa kaɗan ne. Yana daidaita haɗin iska da mai ne lokacin da injin yake silo, ko an ɗan taɓa totur. Da an buɗe totur ya wuce kashi ɗaya bisa huɗu, allurar da ke tsakiyar kafireta ce ke mulki, idan an ƙure shi kuma babban jet ne. Ɗan acaɓan da ya ɗauko buhu biyu na albasa daga fadama ba da silo yake tafiya ba. Ya biya kuɗin aiki, babur ya soma wuyar tashi da safe, yana mutuwa a mararraba, man da ya tsira kuwa bai taka kara ya karya ba.

Wanda ya fi wannan illa shi ne bakaniken da ya san inda ikon yake. Shi zai sauke allura, ko ya rage tsayin man da ke cikin kwano, ko ya zura silin waya cikin jet don hudar ta matse. Nan kam za a ga ragin shan mai na gaske, sai dai injin da mai ya yi wa ƙaranci zafi yake ɗauka, domin rarar fetur ɗin da ake ƙyashi ita ce ke sanyaya kan fistin da bawul idan aiki ya yi nauyi. Ƙarfi kuma yana raguwa, sai mahayi ya ƙara murza totur don ya hau gangare, ya mayar da rabin abin da ya adana. Akwai kuma lissafin yanayi. Iskar sanyin asubahin hunturu ta fi ta tsakar ranar Afrilu nauyi da kusan kashi 8 cikin 100, don haka kafiretar da aka shaƙe iya shaƙewa a bazara, a Janairu ta riga ta wuce gona da iri. Filogi ba ya ɓoye wannan. A kwance shi bayan doguwar tafiya a duba bakinsa: launin ƙasa-ƙasa lafiya ke nan, baƙin kunkunniya mai ya yi yawa, fari fat kamar alli kuwa injin yana ƙonewa da ransa.

Matatar iska, wadda a gareji ake kira iyakilina, ta fi kafireta shan wulaƙanci. Idan ƙura ta toshe ta, injin yana zama kamar an ja masa cok an manta, ya riƙa zuƙar mai yana baƙin hayaƙi. Maganin da ya dace ba ya cin kuɗi: mai soso a wanke ta da kananzir, a shanya, a ɗiga mata ɗan baƙin mai sabo a matse, mai takarda a kakkaɓe, in ta gaji a canja. Amma abin da nake gani a hanyoyin ƙauyukanmu shi ne a huda ta da ƙusa, ko a cire ta ɗungurungum a jefar. Nan take babur ya yi ƙara mai daɗin ji, mai shi ya ce ya sami ƙarfi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da ta jar ƙasar hanyoyinmu, ɗauke suke da ƙwayoyin yashi masu tauri. Su ne ke gauraya da baƙin mai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su cinye ringi da bangon silinda. Injin ban ruwa da ke zaune a ƙasa tsakiyar gonar shinkafa ko albasa duk rani ya fi kowa shaƙar wannan ƙura. Idan ya soma farin hayaƙi sai a ɗora laifin a kan kayan China.

Wani zai ce ai a Amurka ma masu ƙawata motoci don gudu suna cire matatar kamfani. Haka ne, amma wata suke sawa mai faɗin numfashi, irin ta K&N, sa'an nan su buɗe kafiretarsu ta Holley su ƙara girman jet, don sun san ƙarin iska yana neman ƙarin mai. Ƙarfi suke saye da kuɗinsu, kuma sun san farashinsa. Mu kuwa a injin guda muke ƙara iska muna rage mai, mu ce muna son ƙarfi da tsimi tare.

A kan ruwa lamarin ya fi tsanani. Yawancin injunan da ke tura jirage a tafkin Kainji irin na Yamaha ne masu bugu biyu, waɗanda ake gauraya musu mai a cikin fetur. Galibi ba su da matatar iska irin ta babur. Abokan gabarsu su ne ruwa da dattin da ke cikin man jarka. Gwargwadon da aka fi bi shi ne kashi 50 na fetur ga kashi ɗaya na mai, wato rabin lita ga tanki mai lita 25. A irin wannan injin, man da ke shafe fistin tare da fetur yake shiga, ta cikin jet ɗin nan dai. Duk wanda ya matse jet ya rage wa injin abinci da man shafawa a lokaci guda, in kuma an haɗa da tsimin man gauraya, fistin na iya cijewa ba sallama. Babur in ya mutu a hanyar Dugu Tsoho sauka za a yi a tura. Jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar tafki, da lodin ranar kasuwa, ga iskar farkon damina, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka kammala madatsar a 1968, ba ya iya fuskantar igiya, sai ta juya shi ta buge shi a gefe.

Hatsarin jirgin Wara na 26 ga Mayu, 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, hukumomi sun danganta shi ne da lodin da ya wuce ƙima. Lodi da injin kuwa ba sa rabuwa, domin jirgin da aka danƙare shi ne ke tilasta wa matuƙi ƙure totur tun daga wannan gaɓa har waccan, daidai inda shaƙaƙƙiyar kafireta ta fi kisa.

Ba na zargin makanikai. Abin da mai kaya ya roƙa suke yi, kuma kunnen wasunsu ya fi na'urorin ɗakin gwajinmu saurin gane ciwo. Giɓin yana wajenmu, mu masu takarda. Hukumar NIWA tana da ofishi a Yawuri, hukumar HYPPADEC ta raba rigunan ruwa a garuruwan gaɓa, kuma an gode. Amma rigar ruwa aikinta yana farawa ne bayan an kife. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da jami'ar jiha a Aliero, da kwalejin koyon aikin kifi a Sabuwar Bussa. Me zai hana waɗannan hukumomi su ɗauki nauyin malaman injiniya da ɗalibansu su yi kwana uku a mashigar Yelwa da ta Wara kafin damina, da Hausa, da injin a buɗe a kan tabarma? Darasin ba shi da tsawo: karanta launin filogi, auna man gauraya da gwangwani mai alama, tace fetur kafin a zuba, da barin jet a girman da aka ƙera shi.