Doka Ba Kayan Agaji Ba Ce

Akwai wani ra'ayi da ya zauna daram a zukatan mutane har an daina tuhumar sa. Wai idan ƙasa ta fito daga yaƙi ko mulkin kama-karya, babban alherin da za a yi mata shi ne a turo mata lauyoyi daga ƙasashen da suka ci gaba, su gyara mata dokoki, su koya wa alƙalanta aiki. Da yake da yawansu aikin sa-kai suke yi, ba a biyan su albashi, duk wanda ya buɗe baki ya soki abin sai a ce ya cika butulci. To, ni ina cikin masu sukar, kuma tarihin wannan harka na shekara sittin yana bayana.

Shirin da aka fi kafa misali da shi shi ne CEELI, wanda Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta kafa a 1990, shekara guda bayan rushewar katangar Berlin. Lauyoyi da alƙalai da malaman jami'a suka riƙa barin ofisoshinsu suna tafiya Bulgeriya, Albaniya, Yukren da sauran ƙasashen da suka fito daga gurguzu, wasu na shekara guda, wasu na 'yan makonni. A 2007 ƙungiyar ta haɗe shi da takwarorinsa na sauran nahiyoyi ya zama shiri ɗaya. Ba na shakkar sadaukarwar waɗannan mutane. Abin da nake tambaya shi ne: me suka sani game da wurin da suka je gyarawa?

Lauyan da ya ci jarrabawar zama lauya a New York ba shi da ikon buɗe ofis a California sai ya zauna jarrabawar can. Amurkawa da kansu sun yarda cewa sanin dokar wata jiha bai isa a sakar wa mutum shari'ar wata jihar ba, alhali harshe ɗaya ne, tsarin mulki ɗaya. Amma wannan lauyan, da zarar ya sauka a ƙasar da bai iya ko gaisuwa da harshenta ba, sai ya zama gwani mai duba daftarin dokar ƙasa baki ɗaya. A juya lamarin mana. Wace majalisar jiha a Amurka za ta miƙa wa lauyan Albaniya da ba ya jin Turanci dokar filayenta ya gyara, don kawai ya ce kyauta zai yi?

A duba yadda taron bitar yake gudana. Ɗakin taro ne a otal, da sanyin na'ura da ruwan gora. Baƙo yana bayani kan 'yancin ɓangaren shari'a, tafinta yana binsa a guje, alƙalai suna gyaɗa kai. Ran kammalawa a raba takardar shaida da kuɗin zama, a ɗauki hoto. Washegari alƙali ya koma kotun da babu wuta, magatakarda na rubuta bayanan shari'a da hannu, albashi bai shigo ba, sannan waya ta yi ƙara daga sama a gaya masa inda hukunci zai faɗa. Wannan alƙalin bai jahilci ma'anar 'yancin kotu ba. Ya san ta sarai, ya kuma san abin da zai same shi da iyalinsa idan ya gwada ta. Babu laccar da ke maganin wannan.

Abin takaici, an taɓa yin wannan gwaji an ga ƙarshensa. A shekarun 1960, Gidauniyar Ford da hukumar agaji ta Amurka sun tura lauyoyi Latin Amurka da Afirka da irin wannan buri. A 1974, biyu daga cikin jigogin tafiyar, David Trubek da Marc Galanter, suka wallafa maƙala suna nuna cewa an gina aikin a kan zaton duniya duka za ta bi sawun Amurka, kuma zaton bai tabbata ba. Kafin nan, Sarki Haile Selassie ya ɗauko masani René David daga Faransa ya tsara wa Habasha kundin dokar mu'amala na 1960, mai sassa fiye da 3,000. Masana sun yaba da kyan tsarinsa, manoman karkara kuwa suka ci gaba da kai rigingimun aure da gado gaban dattawa. Duk da haka, da gurguzu ya faɗi sai aka sake ɗaura ɗamara kamar ba a taɓa yi ba.

A Rasha, malaman shari'a biyu daga Amurka, Bernard Black da Reinier Kraakman, sun taimaka wajen tsara dokar kamfanoni ta 1995. A shekarar 2000, su da abokiyar aikinsu Anna Tarassova suka yi dogon rubutu kan yadda aka wawashe kamfanonin ƙasar duk da dokar na nan a rubuce, domin babu kotu ko hukumar da za ta tilasta bin ta. A Kosovo, jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya sun ayyana a 1999 cewa dokokin da ke aiki kafin yaƙi su za a ci gaba da bi. Alƙalai 'yan ƙabilar Albaniya suka ƙi, domin a wurinsu dokokin gwamnatin da ta zalunce su ne. Kafin shekarar ta ƙare dole aka janye, aka koma kan dokokin da ke aiki a watan Maris na 1989. Kowane mai shayi a birnin Pristina zai iya hango wannan rikici. A Afghanistan, mai binciken kuɗi na musamman na gwamnatin Amurka ya bayyana a 2015 cewa an kashe fiye da dala biliyan 1 kan shirye-shiryen gyaran shari'a tun 2003. Mutanen karkara suka ci gaba da zuwa majalisun dattawa, wasu ma kotunan Taliban, saboda can ake yanke hukunci da wuri.

Za a ce ai ba duka waɗannan ne 'yan sa-kai ba. Gaskiya ne, amma tunanin ɗaya ne: a ɗauki doka kamar buhun hatsi, a loda a jirgi a sauke wa mabuƙata. Na kyautar ma ya fi wuyar sha'ani, domin ministan da ke neman tallafi ba ya iya ce masa a'a, kuma in dokar ta ɓaci babu wanda za a kama. Shi ya koma gida ya ƙara layi a takardar tarihin aikinsa, masu ƙasa su zauna da abin da ya bari.

Za a kuma kawo misalin Poland da Estoniya, a ce a can an yi nasara. Waɗannan ƙasashe suna da tsofaffin jami'o'i da lauyoyinsu, suna da al'adar shari'a tun kafin gurguzu, ga kuma kwaɗayin shiga Tarayyar Turai, wanda suka cim ma a 2004. Su suka san abin da suke so, suka zaɓa. Binciken da Daniel Berkowitz, Katharina Pistor da Jean-François Richard suka yi kan ƙasashe 49 ya nuna haka: yadda ƙasa ta karɓi dokar aro, ko ta daidaita ta da halinta ko ɗora mata aka yi, ya fi inda aka aro ta tasiri.

Mu ma a Arewa muna da shaida. Kundin hukunta laifuffuka da ya fara aiki a 1960 aro ne daga Sudan, ita ma ta aro daga Indiya. Amma gwamnatin Sardauna ce ta kira kwamitin masana a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, da wani alƙali daga Pakistan da Farfesa Anderson daga Landan, kuma 'yan ƙasa irin su Shettima Kashim da Peter Achimugu suna zaune a teburin. Aka kuma kai alƙalai Zariya aka horar da su a kansa. Kundin yana da masu suka har gobe, amma ya rayu shekaru da dama a kotuna, domin masu ɗaki ne suka nuna inda yake yoyo.

Saboda haka lauyan da ke son taimakawa, bismilla, amma da sharaɗi. Ya bari sai an gayyace shi kan takamaiman aiki. Ya koyi harshe, ya daɗe, ya yi aiki a ƙarƙashin lauyan ƙasar, ba a samansa ba. Kuɗin jirgi da otal kuma a karkatar da su ga abin da ke riƙe kotu: albashin magatakarda, buga rahoton hukunce-hukunce, da lauyoyin da za su tsaya wa talakan da ke tsare shekaru ba a gurfanar da shi ba. Wanda ba zai iya cika waɗannan sharuɗɗa ba, ya zauna gida ya taimaki matalautan garinsu, su ma suna buƙatar lauya.