RA'AYINMU: Tun Ran Gini, Ran Zane

A gaɓar kogin Mersey, daura da birnin Liverpool a ƙasar Ingila, akwai wani gari mai suna Birkenhead. A farkon shekarun 1840 ƙaramin gari ne, amma ma'aikata na ta kwararowa cikinsa saboda sana'ar ƙera jiragen ruwa. Shugabanninsa suka hango cewa in aka yi sake, gine-gine za su cinye ko'ina. A 1843 suka sami iznin majalisar dokokin ƙasar su sayi fili da kuɗin jama'a, domin kafa wurin shaƙatawa na kowa da kowa.

Filin da suka samu fadama ce mai kwanciyar ruwa. Aka damƙa tsara shi ga Joseph Paxton. Aka janye ruwan, aka haƙa tafkuna biyu, aka tara ƙasar da aka kwaso ta zama tuddai, aka dasa itatuwa. Sai kuma aka yanka fulotai a kewayensa aka sayar, kuɗin ya taimaka wajen biyan aikin. Ranar 5 ga Afrilu, 1847 aka buɗe shi, talaka da mai kuɗi na shiga kyauta. Frederick Law Olmsted, ɗan Amurka da ya ziyarce shi a 1850, ya yi koyi da shi wajen tsara Central Park na New York. Har yau wurin na nan, da filayen kurket da zari-ruga da tanis, da wurin wasan yara, da hanyoyin tattaki a bakin tafki.

'Yan'uwa malamai, darasin a bayyane yake: fili tun yana fili ake ware shi, domin in an aza bulo an gama. Mu ma da muna da dandali, inda yara ke langa da gaɗa a farin wata. Yau a garuruwa da dama filin makarantar firamare kaɗai ya rage, shi ma shaguna da fulotai na gutsurarsa. Yaron da ya rasa wurin guje-guje titi zai nufa, kuma mu ne muke ganin sakamakon a aji.

Saboda haka muna kira ga kowane shugaban makaranta ya nemi takardun filinsa, ya haɗa kai da ƙungiyar iyaye da malamai da masu unguwanni a tabbatar da iyaka, a katange, a dasa darbejiya. Hukumomi kuwa su ware filin wasa a kowace sabuwar unguwa tun kafin a fara rabon fulotai. Amanar yaran nan tana wuyanmu.