Motar da za ta tarbi ɗanka a Zanzibar ba almubazzaranci ba ce

A ƴan shekarun nan wasu daga cikin ƴaƴanmu da Allah ya buɗa wa sun soma tafiya hutu tsibiri. Akwai ma'aikatan ƙungiyoyi a Yamai, akwai ƴaƴan ƴan kasuwar Maraɗi, akwai ango da amarya da aka haɗa wa gudummawa don su je su huta bayan biki. Sunan da aka fi ji a bakinsu shi ne Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya. Ko tafiyar ta dace ko ba ta dace ba, wannan muhawara ce ta wata rana. Rigimata yau da layi ɗaya ne cikin lissafin tafiyar, wanda kullum shi ake fara sokewa: kuɗin motar da za a tanada tun daga gida, ta tarbi matafiyi a filin jirgi ta kai shi ƙofar otal.

Na ji uwaye suna cewa fariya ce. Na ji malamai ƴan uwana suna cewa salon Turawa ne, wai mutumin da ya girma yana hawa kabo-kabo me zai yi da direba mai riƙe da allo da sunansa a jiki. Su kuma matasan cewa suke in sun sauka sa ga abin da za a yi, ai tasi ba ta ƙarewa a duniya. Ni kuwa na ce dukansu sun yi kuskure, kuma kuskuren yana iya faɗawa kan yarinyar da aka aurar makon jiya.

Mu fara da taswira, tunda da malamai nake magana. Babban tsibirin Zanzibar sunansa Unguja. Filin jirginsa, wanda aka sa wa sunan Abeid Amani Karume, shugaban tsibirin na farko bayan juyin juya halin 1964, yana kudu da birni, tafiyar ƴan mintoci daga tsohon garin nan na duwatsu da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2000. Amma otal-otal ɗin bakin teku da yaranmu ke gani a hoto ba a birni suke ba. Nungwi tana can ƙuryar arewa, kimanin kilomita 60 daga filin jirgi, tafiyar fiye da awa guda. Paje tana gabas, wajen kilomita 50, sai an ratsa ta gefen dajin Jozani. Tsibirin yana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka rana na faɗuwa tsakanin ƙarfe shida da bakwai duk shekara, kuma da an fita birni hanyoyi da yawa ba fitila. Ana tuƙi ta hannun hagu. Harshen gari Suwahili ne, na biyu Ingilishi. Faransancin da yaronmu ya sha wuya a kansa a lakwal ba zai fisshe shi a bakin titi ba. Sefa kuma ba mai karɓarta, kuɗin ƙasar sulen Tanzaniya ne.

To a ɗora wannan a kan mutumin da ya taso daga filin jirgin Diori Hamani. Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye, sai an yada zango a wata ƙasa, kamar Adis Ababa. Ya kwana a kujera, agogonsa ya koma baya da awa 2 bisa na gari, layin wayarsa na gida ba lalle ya kama ba, yana jan akwati biyu, matarsa na biye da shi. A wannan hali ne ake so ya tsaya ya yi ciniki da mutumin da bai sani ba, cikin harshen da bai ji, da kuɗin da bai san darajarsa ba, kan tafiyar da bai san nisanta ba. Wanda ya taɓa sayen rago ranar jajiberen layya ya san yadda ciniki ke ƙarewa in mai saye ba shi da zaɓi.

Ba ina zargin mutanen Zanzibar ba ne. Mafi yawansu Musulmi ne, kuma an san su da karɓar baƙo. Sai dai kowace tasha a duniya tana da masu jiran baƙon da ya ruɗe, har tashoshinmu na nan. Su kansu ƴan tsibirin suna da sunan da suke kiran masu manne wa baƙi a titi: papasi, wato kaska. In ɗan gari ya raɗa wa abu suna, baƙo ya kamata ya ɗauki darasi.

Masu cewa salon Turawa ne su na fi jin haushi, domin sun manta tarihin gidansu. Yaushe Bahaushe ya taɓa sauka garin da bai sani ba babu mai masauki? Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, tun kafin a san jirgi ko mota, suna barin gida sun san gidan da za su sauke kaya a Salaga. Fatoma ne ke tarbarsu, ya ba su ɗaki, ya adana kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu in rigima ta tashi, kuma ana biyansa la'adarsa ba tare da kowa ya kira shi almubazzaranci ba. Zangon Damagaram da ke wajen Birni, da zangon Kumasi, da Sabo ta Ibadan, duk a kan wannan tsari suka kafu. Kakanninmu sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, suka kuma ce sai da ɗan gari akan ci gari. Direban da ke tsaye da allo a ƙofar filin jirgi aikin fatoma yake yi na awa ɗaya. Abin da ya canza kawai shi ne da saƙon baka ake aikawa ta hannun madugu, yanzu kuwa ta WhatsApp.

Akwai masu cewa a bar wa Allah, ai shi ke tsarewa. Gaskiya ne, shi ke tsarewa. Amma malaman da suka karantar da mu tawakkali su ne suka karantar da mu cewa ana ɗaure raƙumi tukuna. Uban da ya kai ɗiyarsa ta yi allurar shawara don a ba ta katin rigakafi, ya bi layin fasfo da biza, ya biya inshorar dala 44 da hukumomin Zanzibar suka wajabta wa baƙi tun watan Oktoba na 2024, bai ce a bar wa Allah a waɗannan ba. Me ya sa sai a kan mota, a daidai lokacin da yarinyar ta fi kowane lokaci rauni, tawakkalin zai motsa? Wannan rowa ce aka sa wa rawani.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne hujjar da ta fi ƙarfi, don haka mu yi lissafi irin na aji. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, ba ya motsi. Mu ɗauka, a misali, an ce motar yuro 50 ce. Ya kama kusan jika 33. A ajiye wannan kusa da kuɗin tikitin mutum biyu zuwa da dawowa, da kuɗin otal na mako guda, a ga ko ya kai kashi nawa cikin ɗari. Sannan a tuna cewa wanda bai tanadi mota ba ba kyauta zai tafi ba. Zai biya tasi, kuma farashin da zai biya wanda aka yanka masa ne yana tsaye da kaya a hannu. Abin da ake tsammanin an tsimi sau da yawa bai wuce kuɗin cefanen kwana biyu ba, wani lokaci ma asara ce.

Wani abokin aiki ya kawo mini hujjar da na fi girmamawa. Ya ce tafiya mabuɗin ilimi ce, yaron da aka ɗauka cikin mota mai sanyi daga filin jirgi zuwa otal mai katanga bai ga Zanzibar ba, ruwa da yashi kawai ya gani. Ya shiga motar haya ya zauna da mutane. Na yarda da rabin maganar. Suna da ƙananan motocin haya da suke kira dala-dala, kuma ana cewa sunan ya samo asali daga kuɗin mota na da, sule biyar da ake kira dala, kamar yadda mu ma dala a bakinmu sefa biyar ce. Lalle yaro ya hau ta, ya je kasuwar Darajani, ya ga kanumfari a inda ake nomansa, ya yi salla a masallacin unguwa. Amma ya yi haka rana ta biyu, da hantsi, ba akwati, fasfo na ajiye a otal, ya riga ya san darajar kuɗin da ke aljihunsa. Ba mu fara koya wa ɗan aji ɗaya rabawa ranar da aka kawo shi.

Yanzu bari in juya kan ɗaya ɓangaren, domin masu tanadar motar ma ba su tsira daga bakina ba. Wasu da sun ga shafin farko a intanet mai hoton mota baƙa sai su zuba kuɗi. Kamfanin yana Turai, ba shi da ko taya ɗaya a tsibirin. Zai cire rabonsa ya miƙa aikin ga direban gari, wanda da an neme shi kai tsaye da ya samu fiye, matafiyi kuma ya biya ƙasa. Wasu kuma sun faɗa hannun shafukan bogi: an tura kuɗi duka zuwa wata lamba, an sauka ba mota ba mai ɗaukar waya. Haka nan wasu masu sayar da tikiti a nan gida sukan haɗa wa mutum jirgi da otal su yi shiru kan abin da ke tsakani, kamar otal ɗin a cikin filin jirgi yake. Duk wanda ya karɓi kuɗin iyali ya tsara musu tafiya, bai gaya musu akwai kilomita 60 a gabansu ba, bai cika aikinsa ba.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce a tuntuɓi otal ɗin da kansa, ta lambar da ke jikin takardar kama ɗaki, a ce su aiko mota ko su ba da direban da suka sani mai izinin ɗaukar baƙi. A rubuce za a yi komai. A ba su lambar jirgi da ranar sauka, don in jirgi ya makara su sani. A tambaya ko farashin na mota ne gaba ɗaya ko na kowane mutum, da wane kuɗi za a biya, kuma ko jira yana da ƙarin caji. A karɓi sunan direba da lambar wayarsa da lambar motar, a tura wa uwaye a gida tun kafin a tashi. A faɗi sunan ƙauyen da otal yake, domin sunayen otal-otal na bakin teku suna kama da juna. In akwai jariri a nemi kujerar yara. In da hali a biya bayan an isa, in kuwa sai an ba da kafin alƙalami, kada ya zama kuɗin duka. Da an fito kuma, direba ne zai faɗi sunan matafiyi. Wanda ya tare ka yana tambayar sunanka ba shi aka aiko ba.

Ga wani abu da malaman lissafi za su ji daɗinsa. Masu jin Suwahili suna fara ƙirga awa daga fitowar rana. Ƙarfe bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne, ƙarfe goma kuma ƙarfe huɗu. Bambancin awa 6 ne cif. Direbobin da suka saba da baƙi sun san agogon biyu, amma ranar komawa gida ba ranar gwaji ba ce. Wanda jirginsa zai tashi da safe, ya ce a zo ƙarfe huɗu, aka fahimce shi da lissafin gari, zai ga mota ƙarfe goma jirgi ya daɗe da tafiya. A rubuta lokacin da lambobi, a ƙara da cewa na asuba ne, a sa mai karɓar baƙi na otal ya maimaita wa direba. Motar komawa ma a tanade ta tare da ta zuwa, don wanda ya rasa jirgi sabon tikiti zai saya.

Na san wani zai ce: malamin da albashinsa ba ya kai shi ashirin ga wata, ina ruwansa da Zanzibar? Ruwansa shi ne yaran da ke gabansa. Yawancinsu ba za su je tsibiri hutu ba, amma kusan kowannensu wata rana zai sauka a garin da bai sani ba. Wannan za ta sauka tashar Yamai da dare za ta fara karatu a jami'ar Abdou Moumouni. Wancan zai sauka Jidda. Wani zai tafi neman ilimi Turkiyya ko Maroko, wani neman kuɗi Abijan. Tambayar ɗaya ce a ko'ina: wa zai tarbe ka, mene ne sunansa, wa ya san shi, kuma wa ya san kana hannunsa? Yaran da ake yaudara da alkawarin aiki a waje, da yawansu a wannan gaɓar ake kama su, lokacin da suka sauka suka bi wanda ya fara kiran su. Muna koya musu sunayen koguna da manyan birane, ba mu koya musu yadda ake shiga gari.

Saboda haka ina roƙon malamai, in an zo darasin taswira a ɗauki rabin awa a ba yara aiki: ga filin jirgi, ga masauki, ku nemo nisan, ku canza kuɗin zuwa sefa, ku rubuta saƙon da za ku aika wa mai tarbarku. Uwaye kuma, ranar da ɗa ko ɗiya suka zo sallama, bayan addu'a a tambaye su sunan direba da lambar mota. In suka ce sai sun sauka za su gani, a ce su zauna su nemo kafin a sa musu albarka. In kuɗin ne ya gaza, a rage kwana ɗaya a otal a biya motar.