Sharhi: Cire haƙori ana tsakiyar sari a Murshid Bazaar



Tun da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sake buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar biza a watan Yulin 2024, bayan rufewar da aka yi a ƙarshen 2022, alhazai da hajiyoyin Kantin Kwari da Sabon Gari sun koma unguwar Deira ta birnin Dubai. Can ne Murshid Bazaar take, kasuwar sarin abaya da mayafai da yadi da takalma da jakunkuna, kusa da kasuwar gwal da ta kayan ƙamshi. Tafiya ce ta ƙidayayyun kwanaki. Kuɗin otal na tafiya kullum, masu kago na jiran kaya, tikitin komawa kuma da ranarsa. A cikin wannan matsi ne haƙori kan tayar wa mutum da hankali, sai ka ji yana cewa a cire masa kawai ya huta.

Cirewar kuwa iri biyu ce, kuma jinyarsu ba ɗaya ba ce. Idan haƙorin ya fito sarai a kan dasashi, likita zai yi allurar kashe zafi, ya girgiza shi, ya zare shi da awartakinsa. Mutum ya ciji auduga kamar rabin awa, jini ya tsaya. Kwana ɗaya ko biyu ya koma harkokinsa, dasashi kuma ya haɗe cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Amma idan haƙorin ya karye a gindi, ko saiwarsa ta lanƙwashe, ko kuma turmin nan ne na can ƙurya da ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, ya zo a kwance ya maƙale cikin ƙashin muƙamuƙi, to magana ta zama tiyata. Sai an tsaga dasashi, wani lokaci a kankare ƙashi, a raba haƙorin gida biyu ko uku, sannan a ɗinke. A nan ne mutane ke ruɗuwa. Ranar farko, da sauran ƙarfin allura a jiki, sai mutum ya ga ai babu komai, ya koma kasuwa yana ciniki. Kumburin sai a kwana na biyu zuwa na uku yake kai maƙura. Baki ya ƙi buɗuwa sosai, magana ta yi nauyi, tauna ta gagara. Ɗan kasuwar da jarinsa bakinsa ne, wanda zai wuni yana taya kaya da Ba'indiye da Bafarishe cikin zafin da kan haura digiri 40 a watannin bazara, ya kamata ya san haka tun kafin ya hau kujerar likita. Zaren ɗinki kuwa, in ba mai narkewa ba ne, sai bayan kamar mako guda ake warware shi. Ƙashin da ke ƙasa watanni yake ɗauka kafin ya cike.

Duk jinyar nan a kan abu guda ta rataya: gudan jinin da ke daskarewa a ramin haƙorin. Shi ne marfin da ke rufe ƙashi da jijiya. Idan ya fice, ramin ya bushe, sai wani azababben ciwo ya taso bayan kwana biyu zuwa huɗu, yana harbawa har kunne, baki na wari, maganin ciwo na yau da kullum bai cika taɓa shi ba. A cirewa mai sauƙi, bai cika wuce mutum 5 cikin 100 da hakan ke samu ba. A tiyatar turmin ƙurya na ƙasa kuwa, adadin kan ninka haka sau da yawa. Ku lissafa da kanku: wanda aka yi wa aiki ranar Litinin, jirginsa na ranar Alhamis, a ina ciwon zai riske shi? Ko a sararin sama, ko a filin jirgin Adis Ababa ko Alƙahira yana jiran canji.

Abubuwan da ke fitar da gudan jinin nan kuwa duk suna nan birjik a Deira. Taba da shisha su ne kan gaba, don zuƙar na janyo shi, hayaƙin kuma na hana rauni warkewa. Haka shan lemo da tsinken roba. Haka shayin karak mai zafi da ake miƙa wa baƙo a ƙofar shago, wanda kunya kan hana mutum ƙi. Goro da kilishin guzuri su dakata tukuna. A ranar farko ba a kurkure baki da ƙarfi, ba a yawan tofar da yawu. Ko a alwala, a sa ruwan a hankali a bar shi ya zubo. Sai washegari a fara ruwan ɗumi da gishiri. Kunu da ya huce, da kindirmo, da ayaba, sun isa riƙe mutum. Ɗaukar dila kuwa a bar wa masu dako, domin yunƙuri na iya tayar da jini. Kanumfari ma da ake sayarwa a kasuwar kayan ƙamshi, gaskiya ne mansa na cikin abin da likitoci ke lulluɓe busasshen rami da shi, amma hakan ba izini ba ne mutum ya daka ya cusa a sabon rauni.

Akwai wata magana da nake roƙon a riƙe da kyau. Kada azabar haƙori ta sa wani ya karɓi tiramol ko kodin daga hannun abokin tafiya. A Dubai waɗannan magunguna ne da doka ta tsananta a kansu, riƙe su babu takardar likita na iya kai mutum gidan yari. Abin da likita ya rubuta, shi za a sha. Asfirin kuma na tsinka jini, ba a shan sa don wannan ciwo. Mai ciwon suga, da mai hawan jini, da wanda aka ɗora a kan maganin tsinka jini, su faɗa wa likita tun farko, kada kuma su daina shan maganinsu da ra'ayin kansu.

A ganina, abin da ya fi dacewa da mai zuwa sari shi ne ya nemi a ɗauki hoton haƙorin, ya tambayi likita kai tsaye: zarewa ce ko tsagawa? Sannan ya faɗa masa ranar tashinsa. Wannan ya fi muhimmanci ga turamen sama, waɗanda saiwarsu ke dab da kogon da ke gefen hanci. Idan aiki ya huda wurin, fyace majina da canjin iskar cikin jirgi kan dagula rauni. Idan tiyata ce, kwanaki kuma sun ƙure, sau da yawa likita na iya lallaɓa haƙorin ya kwantar da ciwon, a zo gida a yi aikin a natse, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda akwai ƙwararrun tiyatar baki da muƙamuƙi, ga kuma iyali da za su yi jinya.

Sai dai akwai halin da ba ya jira. Idan kumburi ya gangaro wuya ko ya haura ido, ga zazzaɓi, haɗiya ko numfashi na wahala, wannan na asibitin gaggawa ne a daren, ko da kaya za su kwana a shago. Wanda kuma dole ta sa aka yi masa aikin a can, ya je wurin likita mai lasisin hukumar lafiya ta Dubai, ya ɗage tikitinsa in likita ya ce a ɗage, ya kuma karɓo hoton da takardar bayanin abin da aka yi, domin likitan da zai warware masa ɗinki a Kano ko Maraɗi zai buƙace su.