Bashin Karatu: A Yi Lissafi Kafin a Sa Hannu

Kadan yaro ya ƙare sakandare, magana biyu ke tasowa a zauren ubansa: ina za a kai shi, kuma wa zai biya? A cikin watan Afrilu na shekarar 2024 Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta sa hannu a kan dokar ba ɗalibai rance, hukumar da ake kira NELFUND ita ce mai riƙe da asusun. Tun daga sa'an nan malamai da attajirai ke ta shawara a kan ko ya kamata ɗansu ya karɓa.

Ga yadda sha'anin yake. Rancen na ɗaliban makarantun gwamnati ne, watau jami'o'i da kwalejojin fasaha da na horon malamai. Kuɗin makaranta ba ya shiga hannun yaro, hukuma ce ke aika shi ga makarantar. Sa'ad da aka fara a 2024, an yanka wa mai so naira 20,000 kowane wata domin guzuri. Ba a ɗora ruwa a kai, abin da aka ci shi za a mayar. Biya kuwa sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi, mai sana'ar kansa kuma na ribarsa.

To, tun da babu ruwa, shubuhar riba ta kau, kuma wannan sauƙi ne babba ga ɗan talaka. Amma fa rashin ruwa bai mayar da bashi kyauta ba. Malamai sun sani ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Attajirin Kantin Kwari kuma ya sani ba a karɓar kaya bashi sai an san kasuwar da za ta ɗauke su. Karatu ma haka ne.

Saboda haka abin da ya wajaba shi ne a zaɓi karatun tukuna, sa'an nan a dubi rancen. Babbar shahadar malanta, wato NCE, shekara uku ce. Ƙaramar difloma ta kwalejin fasaha shekara biyu. Digiri galibi huɗu, injiniya biyar, likita shida. Kowace shekara da aka ƙara, bashi ya ƙaru, ga hayar ɗaki da littattafai da kuɗin mota waɗanda guzurin nan ba zai ɗauke duka ba. Uba ya zauna da ɗansa da alƙalami, su ƙidaya har shekarar ƙarshe, su tambayi waɗanda suka gama wannan fanni abin da suke yi yau.

Wani zai ce ilmi ba haja ba ne da za a auna shi da riba. Gaskiya ne, darajar ilmi ta wuce ciniki. Amma wanda ya ciwo bashi domin ilmi ya ɗauki haƙƙin wani a wuyansa, domin da kuɗin da ya mayar za a ranta wa na bayansa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Yaron da ke da ƙwazo da niyyar biya, kada tsoro ya hana shi karɓa. Wanda kuwa sunan jami'a kaɗai ke ruɗinsa, gara ya koyi sana'ar da za ta riƙe shi. Allah ya sa a dace. Haza wasalam.